Kwalbar da na ce magani ce

Ina yaro akwai wani mutum a unguwarmu, cikin birnin Kano, da kowa ya san yana shan giya. Kafinta ne mai hannu ƙwarai, amma duk ranar da aka biya shi kuɗin aiki sai ya gangara Sabon Gari, ba ya dawowa sai bayan isha'i, yana tangaɗi yana dafa bango. Mu yara mu bi shi da ihu, wasu har da jifa. Ina cikin masu jifan. Babanmu, Allah ya ji ƙansa, ba ya son a wulaƙanta ɗan Adam, amma ko shi in zai ja mana kunne cewa yake, "Kun dai ga yadda giya ke mayar da mutum." Haka na tashi. A wurina mashayi shi ne wancan kafintan, mai warin baki, mai faɗawa kwata. Duk wanda bai kai kofin giya bakinsa ba, to ba mashayi ba ne.

Har yau da nake wannan rubutu ban san ɗanɗanon giya ba. Amma na yi shekara shida da rabi da wuya in wayi gari da cikakken hankalina.

Ina da shekara 14 aka kai ni koyon ɗinki. Allah ya ba ni hannu, kafin in kai 25 ina da shagona, keke uku, yara biyu masu koyo, na yi aure har mun samu 'ya mace. Wanda bai taɓa zama tela a goman ƙarshe na azumi ba, ba zai gane abin da zan faɗa ba. Shadda da yadi sun taru har rufi, kowa ka yi masa alkawari, wuta ba ta zama, janareto na ci maka mai, mai kaya na tsaye a kanka yana cewa in ba a gama ba da me 'ya'yansa za su je idi. Azumin 2013 ya faɗo cikin damina. Na karɓi aikin da ya fi ƙarfina, kwaɗayi ne ba wani abu ba. Ana saura kwana shida Sallah bayana ya riƙe, in na sunkuya kan keke sai in ji kamar an soka mini ƙusa a ƙugu.

Wani abokin sana'a da ke layinmu ya shigo bayan tarawihi ya tarar ina kwance kan tabarma. Ya zaro 'yar ƙwaya daga aljihu ya ce, "Haɗiye wannan. Ba ta maye ba ce, ta ciwon jiki ce, a asibiti ma ana bayarwa." Bai yi mini ƙarya ba, tiramadol ce, kuma likitoci na rubuta ta. Gaskiyar nan tasa ita ta buɗe mini ƙofa, don da ce mini ya yi ga giya, da na kore shi daga shagon.

Daren nan na ɗinka kaftani biyar ban tashi ba. Ciwon ya tafi, gajiya ta tafi, har wani farin ciki na ji maras dalili. Na sha kullum har Sallah, na sallami kowa, aka yi ta yabona. Bayan Sallah na daina na 'yan makonni, na ce ka gani, ni nake juya ta. Amma zuciyata ta riga ta san akwai wata ƙofa da ake bi a fita daga gajiya, kuma kuɗin shiga bai kai na kwanon tuwo ba.

Da hunturun 2014 babanmu ya rasu, a hannuna ya cika. Na yi kwanaki ba na runtsawa. Ga tari ya kama ni saboda ƙurar hazo. Na je kemis, aka miƙo mini kwalbar maganin tari mai kodin, ba takardar likita, ba tambaya. Cokali biyu aka ce. Na sha biyu ban ji komai ba, na kafa kai na sha kusan rabi. Abin da na ji a daren nan shi ne abin da na yi ta bi shekara da shekaru ban sake kama shi ba. Kamar an lulluɓe ni da bargo daga ciki. Mutuwar babana tana nan, na san da ita, amma ta matsa can nesa ta daina cizo. Na yi barci.

Ina so mai karatu ya tsaya nan kaɗan. Ba don in ji daɗi na fara ba, kuma yawancin waɗanda na sani ba don haka suka fara ba. Ɗan dako ya fara don ya ƙara sawu, direba don ya kai Legas bai yi gyangyaɗi ba, matar aure don ta daina jin zafin abin da ke faruwa a gidanta. Abin yana yi maka aikin da ka ɗauke shi dominsa, da gaske yake yi, a farko. Daga baya sai ya zama kai kake yi masa aiki.

Kwalba ɗaya takan yi mini kwana biyu. Kafin shekara ta zagayo ina shanye ɗaya a wuni, a 2016 ina shan huɗu. Nakan juye ta cikin robar lemo in ajiye gefen keke, mai kaya na zaune muna hira ina kurɓa. Ba wari, ba tangaɗi. Ina sahun farko a masallaci. Sai dai idona ya ƙanƙance, maganata ta yi nauyi, ina yawan soshe-soshe, nakan yi kwana huɗu ban zagaya ba, haƙorana na baya suka fara rubewa saboda zaƙin. A 2017 ina shago na ji a rediyo 'yan Majalisar Dattawa na cewa ana shan kwalbar kodin miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. Yarana masu koyo suka yi salati. Ni ma na yi salatin tare da su, alhali huɗu cikin kwalaben nan nawa ne.

Ban kuma ji ina cikin waɗanda ake magana a kansu ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. In na ga Hisba a talabijin ana murƙushe kwalaben giya sai in ce Allah ya ƙara, in kai robata baki.

Matata ce ta fara fasa ƙwan. Tana share bayan randa ta jawo wani buhu da nake tara kwalaben da na sha a gida. Na dawo na tarar ta jera su a tsakar ɗaki.

Ta ce, "Abban yara, mene ne wannan?"

Na ce maganin tari ne.

Ta ce, "Tarin da ban taɓa ji ba, muna kwana ɗaki ɗaya?"

Na hau faɗa. Na ce mata, "Kin taɓa jin warin giya a bakina? Kin taɓa ganin an kwaso ni daga kwata?" Ta yi shiru ta daɗe, sannan ta ce, "Da giyar ce ma, da na gane tun da wuri." Na fita na bar mata ɗakin. Amma maganar ta bi ni, har yau tana bi na.

Daga nan abubuwa suka riƙa zubewa da sauri. Yaran shago suka watse. Na sayar da keke ɗaya, na sayar da na biyu. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne shaddar wani ango da ya kawo kala uku, ya biya kuɗin ɗinki gaba ɗaya saboda ya yarda da ni. Na kai biyu kasuwa na sayar a wulaƙance. Ya zo ana jibi ɗaurin aure, na rasa bakin magana. Bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, "Malam, da me na cuce ka?" Yayanmu ne ya biya shi.

A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da bincikenta kan yadda ake fitar da maganin tari mai kodin ta bayan fage ana sayar wa matasa, ranar 1 ga Mayu gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. Mahaifiyata ta yi hamdala, a ganinta an rufe rijiya, ɗanta ya tsira. Ni kuwa tsoro ne ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Kwalbar da ba ta wuce naira dubu ba ta ninka, ta sake ninkawa, ga jabu ya cika gari, ba ka san me aka dama maka ba. Jikina bai san an kafa doka ba. Da asuba hamma take tashina, hanci na zuba, ƙafafu na zogi. Sai na koma wa tsohuwar abokiyata tiramol, wato tiramadol ɗin nan, amma ba irin ta da ba. Abin da hukuma ta amince a sayar a Najeriya shi ne mai miligiram 50 da 100, kuma likita ba ya wuce 400 a wuni ga mai ciwo. Wadda ake samu a lungu mai 225 ce. Ina haɗiye huɗu, wani lokaci biyar. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Wata ranar Laraba da hantsi ina guga da dutsen gawayi, sai kawai na farka a ƙasa mutane sun zagaye ni. Farfaɗiya ce ta kayar da ni, ni da ba ni da ita, ba kuma a yin ta a danginmu. Tiramol in ta yi yawa haka take yi. Damtsena na dama ya kwanta a kan dutsen gugar, tabon na nan, shi ya sa ba na sa riga mai gajeren hannu. Ɗiyata, lokacin tana da shekara shida, ta kawo mini abinci, tana tsaye a bakin ƙofa da kwano a hannu ta ga komai. A makon nan mahaifiyarta ta kwashe yaran ta tafi gidansu.

'Yan'uwana suka yi shawara suka kai ni gidan mari. Ba na riƙe su a zuciya, abin da suka sani ke nan, kuma har kuɗi suka biya. Aka sa mini ƙarfe a ƙafa, aka tura ni ɗaki mai mutum fiye da ashirin. A nan na san mene ne yankewar ƙwaya ba tare da magani ba. Wuni na farko hamma da hawaye da majina. Na biyu da na uku amai da gudawa, zufa tana karyo maka kana rawar sanyi, ƙasusuwanka kamar ana sara su da gatari, ƙafa ba ta tsayawa wuri ɗaya ga mari na yankar idon sawu. A kaina ina jin wani abu na tartsatsi kamar wayar lantarki. Na roƙi Allah ya ɗauki raina. In ka yi kuka a ce iskanci ne ke fita, a ƙara maka da bulala. Bayan mako guda jikin ya lafa, amma barci bai dawo ba sai bayan wata. Na yi wata huɗu a wurin. Ba wanda ya taɓa tambayata me ya sa na fara.

Rana ɗaya aka sallame mu da wani yaro ɗan shekara 22, wanda muke raba tabarma. Yana da murya mai daɗi, in ya ja karatu da daddare ɗakin kan yi tsit. Kwana tara da fitowata na koma wa ƙwaya. Shi bai kai haka ba. A daren da ya koma, ya sha daidai abin da ya saba sha kafin a kama shi, ya haɗa da ƙwayar barci, ya kwanta. Ƙannensa sun ce sun ji yana wani irin minshari, suka ɗauka gajiya ce. Da safe aka tarar ya yi sanyi. Sai daga baya likita ya fahimtar da ni abin da ya faru: wata huɗu ba sha, jiki ya manta sabon da ya yi, abin da da yake ɗauka yanzu ya fi ƙarfinsa, kuma waɗannan ƙwayoyin numfashi suke rage wa gudu har ya tsaya. Minsharin nan numfashinsa ne ke ƙarewa. Da wani ya gaya mana wannan a ranar sallama, jimla ɗaya tak, wataƙila da yana raye.

Na je jana'izarsa a buge. Wannan ma sai na faɗa.

A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida irin wannan a Rigasa ta Kaduna, suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon duka. Aka nuna wa mahaifiyata hotunan a waya. Ta sa aka kira ni, ta ce in ɗage wandona. Da ta ga sawun marin sai ta fashe da kuka tana cewa in yafe mata. Uwa tana neman gafarar ɗan da ya sayar mata da 'yan kunne. Na durƙusa na ce, "Umma, ni zan nemi gafara. Ku kai ni asibiti, na gaji." Shi ne karo na farko da maganar ta fito daga bakina ba wani ya tilasta ni ba. Yaya ya sayar da babur ɗinsa, a watan Janairun 2020 aka ba ni gado a asibitin masu taɓin hankali. Na ji kunyar sunan wurin. Yanzu ba na ji.

Gadon da ke kusa da nawa wani dattijo ne, makaniken manyan motoci, ya haura sittin. Giya ce ta kawo shi, shekara talatin yana sha. Da na ji haka, ni da ke kwance ina amai a bokiti, sai na ji a raina na fi shi. Har juya masa baya nake. Kwana biyu na farko shi ke da sauƙi, hannunsa kawai ke rawa, har yana miƙo mini ruwa yana cewa, "Sannu ɗana, zai wuce." A dare na uku abin ya juye. Ya fara ihu wai kunamu na hawa bango suna sauko masa, bai san inda yake ba, zufa ta jiƙa katifa, jikinsa ya ɗau zafi, sai ya sanƙare ya fara jijjiga. Ma'aikata suka rufu a kansa da allurai da ƙarin ruwa har gari ya waye.

Da likita ya zo zagaye na tambaye shi, "Likita, wanne ya fi muni, nawa ko na Baba?" Ya jawo kujera ya zauna, abin da ba wanda ya taɓa yi mini. Ya ce ba hanya ɗaya suke kisa ba. Mai giya da ya daɗe yana sha, in ya yanke kwatsam ba magani, yankewar kanta tana iya kashe shi. Kai kuwa yankewarka azaba ce, amma da wuya ta kashe ka, komawar ce ke kisa. Giya takan ɗauki shekaru tana cin hanta da zuciya da gida kafin ta kayar da mutum. Naka kuwa makonni kaɗan na sha kullum sun isa jiki ya kama, kuma tazarar da ke tsakanin abin da zai bugar da kai da abin da zai tsayar maka da numfashi ba ta da faɗi. Ya ce kodin in ya shiga jiki hanta na mayar da wani sashensa mofin, dangi ɗaya ne da hiroyin, wurin da suke kamawa a ƙwaƙwalwa ɗaya ne. Na yi shekaru ina ce wa abin maganin tari.

Ya ba ni wasu alƙaluma na wani bincike da aka yi a Amurka a 1994, na rubuta su a bayan katina: cikin mutum 100 da suka taɓa gwada hiroyin, kusan 23 sun kamu da jarabarta, giya 15, taba sigari kuwa 32. Ya ce in lura, ko a hiroyin ba kowa ke kamuwa ba, kuma ba wanda ya san a wane layi yake sai ya shiga.

Da Baba makanike ya farfaɗo muka shaƙu. Shi ke tashina sallar asuba. Wata rana na gaya masa labarin kafintan unguwarmu da jifan da na yi masa. Ya yi shiru, ya ce, "Ni ma yara sun jefe ni. Ba dutsen ke da zafi ba." Wani malami da ke zuwa mana ranar Alhamis ya karanta mana hadisin da ke cewa duk abin da ke sa maye giya ne, kuma duk giya haramun ce. Na san hadisin tun ina Islamiyya, ban taɓa ɗora shi a kan robata ba. Ya kuma karanta mana na sahabin da aka sha kawowa ana yi masa haddi saboda shan giya, har wani ya tsine masa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kada ku tsine masa, yana son Allah da ManzonSa. Baba ya rufe fuska da hula ya yi ta kuka. Ni ma na yi.

Mako shida na yi. An rage mini azabar yankewa da magunguna, an zauna da ni an yi ta tono, har muka isa kan mutuwar babana da ban taɓa yi wa kuka ba. Na fito ba da daɗewa ba aka rufe Kano saboda korona, na yi zaman a ɗakin Umma. Na zame sau ɗaya a 2021, ranar da na ji an ɗaura wa matata aure, don tun ina gidan mari iyayenta suka nemi takarda, da na fito na rubuta. Kwana uku na yi ina sha, a na huɗu na kai kaina wurin likita. Tun daga nan ban sake ba. Ba na ganin laifinta, ta yi haƙurin da ni ba zan iya ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da aka yi a majalisarmu kwanakin baya. Ƙanena, wanda ya gama jami'a, ya ce a halatta ƙwayoyin nan duka a huta. Hujjarsa ita ce giya halas ce a dokar yawancin ƙasashe, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta kashe mutum miliyan 2.6 a 2019, sauran ƙwayoyi gaba ɗaya kuwa kimanin 600,000. Ya ce Amurka ta hana giya daga 1920 zuwa 1933, ba abin da ta samu sai 'yan fasa-ƙwauri da gurɓatacciyar barasa, dole ta janye. Wani dattijo kuma ya ce a'a, duk wanda aka kama da ƙwaya, mai sha da mai sayarwa, a ɗaure shi ya ruɓe. Suka juyo suna kallona, don kowa ya san tarihina. A ranar ban iya ba da amsa ba, sai da na kwana biyu ina juya ta.

Ƙanena yana da gaskiya a wani wuri, na ga jabun da hani ya haifar da idona. Amma lissafinsa ya bar abu ɗaya: masu shan giya a duniya sun haura biliyan 2, masu shan dangin ofiyom, irin su kodin da tiramol da hiroyin, ba bisa umarnin likita ba kuwa wajen miliyan 60 ne. Giya ta fi kisa ne don ta fi yawan masu sha, kuma ta fi yawan masu sha ne don tana kan kanta a kowane lungu. Ni na rayu a lokacin da kodin yake kamar halas, ka miƙa kuɗi a miƙo maka, a haka ya kama ni. Da sai na shiga lungu na nemi dila a daren da babana ya rasu, da ban je ba. Amurkar ma da yake misali da ita, annobar ƙwayar da ta same su daga takardar likita ta faro. An fito da ƙwayar OxyContin, maganin ciwo dangin ofiyom, a 1996 ana tallata ta, a 2007 kamfanin da ke yin ta ya amsa laifi a kotu cewa ya rage wa mutane girman haɗarin jarabarta, a 2021 waɗanda ƙwaya ta kashe a ƙasar sun haura 100,000 a shekara guda. Inda aka bar mai neman riba da abin da jiki ba ya iya saki, an san yadda za ta ƙare.

Dattijon ma ban bi shi ba. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka sha ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol da kodin, kuma duk mutum huɗu ɗaya mace ce. Wane kurkuku ne zai ɗauke su? An ɗaure ni wata huɗu, kwana tara ya ɗauke ni in koma. Tsoron kamu da tsoron tonon asiri ne ke sa matar aure ta mutu a ɗaki ba ta je asibiti ba.

Akwai bambanci tsakanin a bar abu a kasuwa da a daina ɗaure wanda abin ya kama. Fotugal ta yi na biyun a 2001. Sayarwa laifi ne har gobe, amma wanda aka samu da abin da bai wuce na shan kwana goma ba, ba kotu ake kai shi ba, gaban wani kwamiti ake kai shi mai ma'aikatan lafiya da na jin daɗin jama'a, a duba ko yana bukatar magani, kuma sun zuba kuɗi a wuraren jinyar. Jihar Oregon ta Amurka ta kwaikwaya a 2020, ta cire hukunci tun wuraren jinya ba su kankama ba, a 2024 ta dawo da hukuncin. Abin da na ɗauka a nan shi ne cire mari kaɗai ba ya warkarwa, sai an samu wanda zai jawo kujera ya zauna. A kama mai shigo da kwantena, a rufe kemis ɗin da ke miƙa wa yaro, a bar wa mai sikila da mai ciwon daji maganinsu a hannun likita, don ɗiyar yayata sikila ce kuma na ga daren da ta kwana tana ihu. Mai sha kuwa a buɗe masa ƙofar asibiti da kuɗin da talaka zai iya, ba sai yayansa ya sayar da babur ba.

Baba makanike ya rasu a 2022, hanta ce. Ya yi shekara biyu bai sha ba, amma ɓarnar ta riga ta yi nisa. Na samu ɗaukar makararsa. Kafintan unguwarmu kuwa na bincika, aka ce ya daɗe da rasuwa, iyalansa sun tashi, ban samu wanda zan nemi yafiya a wurinsa ba. Ina sa shi a addu'a tare da babana.

Yanzu ina ɗinki a shagon ɗaya daga cikin yaran da na koya wa. Shi ne maigida, yana kirana Oga har yanzu, na hana shi ya ƙi. Yarana kan zo mini hutu. Babbar ta zama budurwa, har yau in ta gan ni da dutsen guga sai ta ce, "Abba kawo in yi maka."

Azumin bana kaya 14 kawai na karɓa. Duk da haka a daren 27 bayan ya riƙe, daidai wurin nan na da, saura kala uku ban taɓa ba. Na san wanda ke da ita a layin, taku ashirin ne daga ƙofar shago. Na zauna na daɗe ina kallon ƙofar. Sannan na ninke yadin uku na sa a leda, na kira masu su ɗaya bayan ɗaya na ce ba zan iya gamawa ba, su zo su karɓa da kuɗinsu. Biyu sun yi haƙuri, ɗaya ya faɗa mini magana mai zafi. Na rufe shago, na tafi gida a ƙafa ina dafe da ƙugu, Umma ta dafa ruwa ta gasa mini bayan da tsumma.